Farin da Ƙasa Za Ta Iya Ci

Litinin, 9 ga Satumba, bayan la'asar

Mun dawo daga asibitin Yelwa, inda na kai matata Mairo. Likitan matashi ne, ban ga alamar ya girmi 'yata Mufida ba. Ya yi mini bayani a hankali kamar mai magana da kurma, ya miƙo takarda, na ninke na sa a aljihu. Mairo ba ta tambaye ni abin da ya ce ba. Ta dubi fuskata sau ɗaya, ta gyara mayafinta.

Sai da mota ta kusa garinmu Wara sannan ta yi magana. Ta ce, "Malam, ka tuna abin da na gani bakin gulbi." Na ce na tuna. Ta ce, "To ba ni son a sa ni cikin irin shi. Ka yi mini alkawari." Na ce ta bar wannan zance. Ta ce, "Ka yi mini alkawari." Na yi, a gaban direba da mutanen mota da wani bunsuru da aka ɗaure a but.

Talata, 10 ga Satumba, da hantsi

Zan rubuta kalmar sau ɗaya, ba zan ƙara ba. Likkafani.

Bara da ruwan gulbi ya hau kamar yadda ya yi bana, ya ci gaɓar tsohuwar maƙabarta. Mairo ta tafi sayen kifi da sassafe, ita ta fara gani. Tsofaffin ramuka ba su nuna komai ba, ƙasa ta gama aikinta. Amma na baya-bayan nan, farin ƙyalle ne ke reto a jikin saiwa, ruwa yana wanke shi, ko ɗinkinsa bai saki ba. Ɗaya daga ciki ta san wurinsa. Wurin Hafizu ne, ɗanmu na fari.

An mayar da su tudu, an yi addu'a, kowa ya koma harkarsa. Ita ba ta koma ba.

Ina Kaduna lokacin da Hafizu ya rasu, ina bin sawun hakkinmu na masaƙar da aka rufe. Ƙanena Ɗahiru ne ya yanko yadin daga rumfarsa. Tetiron ne, rabinsa roba. Ƙasa ba ta cin roba. Na yi karatun saƙa har difloma, na ƙarar da ƙuruciyata ina kula da injinan kaɗi, abin da ilimin ya tsinana mini ke nan: na san sunan abin da aka naɗe ɗana da shi.

Mairo tana son fari na auduga zalla. Wanda ƙasa za ta karɓa.

Alhamis, 12 ga Satumba, bayan azahar

Na bi rumfunan yadi da kwalin ashana. Gwajin ba wuya. Ka zare zare ɗaya ka kai shi wuta. Auduga takan ci da sauri, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi da za ka murje. Roba kuwa nannaɗewa take yi, ta narke, ta dunƙule baƙi ƙirin kamar kashin ɓera, da warin leda.

Duk farin da ke garin nan ya narke. Har wanda aka buga wa hatimin cewa auduga ce tsantsa.

Rumfar Ɗahiru na bari ƙarshe. Ya ce, "Yaya, don Allah kada ka ƙona mini rumfa, mutane suna kallo." Na ƙona zaren a gabansa, na ɗora masa dunƙulen a tafin hannu tun da zafinsa. Na ce wannan ka sa wa ɗana. Ya ce, "Shi kowa ka sawa, Yaya. Shi anka sa ma Innarmu." Ban san haka ba. Da bai faɗa ba.

Ina fita na ji 'yan dako suna cewa ga Malam Ashana nan.

Juma'a, 13 ga Satumba, bayan sallah

Liman ya ja ni gefe, labari ya kai masa. Ya ce duk farin da ke da tsarki ya isa, aikin mutum ne ke binsa, ba tufa ba. Gaskiya ya faɗa. Na ce, Allah gafarta Malam, ba da addini nake jayayya ba. Mairo na yi wa alkawari.

Ruwa bai ja ba.

Lahadi, 15 ga Satumba, da yamma

Mufida ta kira daga Abuja. Tana aiki wurin wata hajiya mai sayar da tufafin da suke kira masu kare muhalli. Kowace riga da ɗan kati mai hoton koren ganye. Ta ce, "Baba, ai duniya ta dawo kan maganarka, yanzu manyan mutane saƙin hannu suke nema." Duniya ta dawo. Da aka rufe masaƙu ana shigo da dilolin gwanjo ina duniya take? Bari duniyar ta zo bakin gulbi ta ga abin da masunta ke jawowa a koma: wanduna masu talewa, rigunan ƙwallo, gidan sauro da aka mayar taru. Kifi kaɗan, tsumma da yawa, kuma ba wanda ya ruɓe.

Ban gaya mata komai daga cikin wannan ba. Ban gaya mata na likita ba. Na ce Innarta tana shan magani.

Amma ta tuna mini da Joshua. Shi ne masaƙin da ya rage a wannan yanki, can wajen Ngaski. Ita ta haɗa shi da hajiyarsu.

Laraba, 18 ga Satumba, bayan magariba

Na je wurin Joshua a babur. Mun yi firamare tare, shi ya tsaya a aji huɗu, ni na wuce, ga mu yau duka biyu da gemu fari, nasa ya fi nawa cika. Yana zaune cikin masaƙarsa ƙarƙashin ɗorawa, ƙoshiyar saƙa tana kai da komo.

Ya ce, "A'a, Injiniya Almu! Injin ya mutu ka zo aron nawa?"

Na zari zare daga wadarin da ya shimfiɗa, na ƙyasta ashana. Ya narke. Joshua ya yi dariya har da tari. Ya ce, "To me kake so? Zaren tsaye na kasuwa ne, shi ba ya tsinkewa. Na kwance ne na kaɗi. Hajiya ba ta taɓa tambaya ba, hoto kawai take so, ni da masaƙa da ɗorawa. Ran nan ma cewa ta yi in cire agogo."

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Dariyar ta tsaya. Ya cire ƙafa daga matakin masaƙa. Ya ce, "Mairo? Mai dambun kifi?" Na ce ita. Ya ce zai sauke aikin hajiya, ta jira. Amma zare ni zan kawo, na tsaye da na kwance, duk na kaɗi, kuma mai ƙarfi. Ya kwatanta mini yawansa da hannu biyu.

Alhamis, 19 ga Satumba, da safe

Mairo ta sha kunu kaɗan. Ta mayar.

Asabar, 21 ga Satumba, bayan azahar

Ba auduga. Ta bana ba ta fashe ba, ta bara ba wanda ya ajiye, masu nomanta ma sun koma shinkafa. Wani maƙwabci ya kawo mini buhu guda yana murna, na buɗe, audugar rimi ce ta matashin kai. Ba ta kaɗuwa. Na yi masa godiya kamar ya kawo zinariya.

Mairo ta ce in jawo tsohuwar kwallarta ta ƙarƙashin gado. A ciki akwai dunƙulen zare da ta kaɗa tun muna Kaduna, lokacin da kewar gida ke damunta, da mazarinta, da ɗan alli. Zaren ya yi ja-ja don daɗewa. Na ƙona bakinsa, ba don ina shakka ba, hannuna ne ya saba. Toka. Na murje ta a yatsa na tsaya ina shinshina kamar mahaukaci.

Ba zai kai ko rabi ba.

Talata, 24 ga Satumba, da yamma

Christiana matar Joshua ta zo da ƙunshi a ka. Ta bi ƙauyukansu gida gida, inda tsofaffin mata ke barin gindin auduga ɗaya ko biyu a bayan ɗaki saboda lagwani da ciwon kunne. Ta tattaro abin da ta samu, ta gurje, ta shiɓe. Ta zauna bakin gadon Mairo suna kaɗi suna gulmar mazajensu ina ji.

Mairo ba ta iya ɗaga hannu ya daɗe. Takan yi murza biyu uku, mazari ya sulluɓe.

Ta ce, "Malam, zo ka kama." Na ce ni? Namiji? Christiana ta ce, "Ba kai ne injiniyan zare ba?" Na sa aka rufe ƙofar gida.

Ni da na tsaya a kan injin mai ɗaruruwan mazarai, guda ɗaya ya gagare ni. Nan kauri kamar igiyar jirgi, nan siriri ya tsinke. Mairo ta yi dariya, ta riƙe cikinta don zafi, ba ta daina ba. Ta ce, "Wanga zare naka ko akuya aka ɗaure da shi sai ta yi ƙara wurin alƙali." Rabon da in ji dariyarta tun kafin ruwan bara.

Alhamis, 26 ga Satumba, da hantsi

Kaɗi. Tsinkewa. Kaɗi.

Juma'a, 27 ga Satumba, bayan la'asar

Ɗahiru ya shigo ba sallama mai ƙarfi, ya same ni zaune a tabarma da mazari da alli a yatsa. Ya tsaya. Na jira ya yi dariya don in sami dalili. Bai yi ba. Ya gaida Mairo daga bakin ƙofa, ya ce, "Yaya, in da abin da zan iya…" Na ce ka riga ka iya.

Bayan ya fita Mairo ta ce, "Ba ka kyauta ba. Shi ya wanke yaron, shi ya ɗauke shi, kai kana can kana bin ofis." Ba ta taɓa faɗa mini haka ba. Ba ta kuma ambaci sunan ba. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta kira sunansa ba, ko da yana raye. Yaron, ko wancan.

Na ci gaba da kaɗi. Zaren ya tsinke.

Lahadi, 29 ga Satumba, da safe

Ruwa bai ja ba. Ya kai gindin giginyar mashaya. Ina kallonsa kamar wanda muke tsere da shi, alhali ba da shi nake tsere ba.

Talata, 1 ga Oktoba, bayan azahar

Rediyo tun safe jawabi da taken ƙasa. Wani mai muƙami yana cewa za a farfaɗo da masaƙu. Na kashe.

Na kai wa Joshua abin da muka tara. Ya ware nawa gefe ba tare da na nuna masa ba. Ya ce, "Wannan na wane ne, na makaho?" Na ce nawa ne. Ya juya shi a hannu. Ya ce, "Zai shiga na kwance. Ƙasa ba ta duba kyau." Na Mairo na da, shi zai yi tsaye da shi, don ya fi ƙarfi.

Hajiya ta kira shi ina wurin. Ina jin muryarta daga nesa, wai akwai baje koli, baƙi za su zo daga waje. Joshua ya ce mata masaƙa ba ta da lafiya.

Alhamis, 3 ga Oktoba, da yamma

Na gaya wa Mufida. Ba duka ba. Ta ce, "Baba, tun yaushe ka sani?" Na ce ta taho. Tana hanya.

Asabar, 5 ga Oktoba, bayan magariba

Mufida ta iso. Ta shiga wurin Innarta ta daɗe, ta fito idonta ya kumbura. Ta buɗe jaka ta fito da farin yadi mai laushi, naɗe cikin takarda, da katin koren ganye. Ta ce, "Baba, wannan shi ne mafi tsada a shagonmu. An rubuta auduga ce zalla, ba a sa mata ko maganin ƙwari ba. Ka huta da wahalar nan."

Na so in bar shi ba gwaji. Wallahi na so. Na ce mata Allah ya yi albarka, na kai shi ɗaki, na zauna ina kallonsa. Sannan na zari zare.

Ya ci kamar auduga, har na fara hamdala. A ƙarshen tokar sai ga ɗan dunƙule, ƙarami kamar ƙwayar gero, mai tauri. An gauraya. Kaɗan ne, amma yana nan.

Ban san tana tsaye a bayana ba. Ta ce, "Na yi shekaru ina gaya wa mutane…" Ba ta ƙarasa ba. Ta ɗauki mazarin Innarta ta ce Christiana ta koya mata.

Litinin, 7 ga Oktoba, da hantsi

Mairo ba ta sha komai ba. Muna jiƙa mata leɓe da auduga. Audugar kaɗin muke tsakura, kuma Allah ya gani, duk tsakurar da aka yi sai na ji ta a raina. Wane irin mutum ne ke jin haka?

Talata, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Joshua ya aiko da ƙwarya ta farko, ɗan siririn saƙi mai faɗin tafin hannu, a naɗe. Na kai wa Mairo. Ta shafa shi da yatsa ido rufe, ta tsaya a wani wuri mai gargada. Ta ce, "Nan naka na." Na ce nawa ne. Ta ce, "Zai sosa mini baya."

Can ta ce, "Malam, in bai kai ba, kada ka tsai da mutane cikin rana. Ka ji?" Na ce zai kai. Ta ce, "Ban tambaye ka ko zai kai ba."

Zare ya ƙare a wurin Joshua. Auduga ta ƙare a wurinmu. Christiana ta sake fita ƙauyuka.

Laraba, 9 ga Oktoba, da yamma

An ce rumfar Ɗahiru a rufe take tun shekaranjiya. Matarsa ta ce ya yi tafiya, bai faɗi inda za shi ba. Matar wansa tana kwance haka, shi ya tafi saro kaya. Ban yi mamaki ba.

Christiana ta dawo da abin da bai cika ƙoƙo ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, bayan asuba

Mairo ta buɗe ido ta dubi bayan Mufida, wajen ƙofa. Ta ce, "Hafizu." A fili, kamar mai kiran yaro ya zo ya ci tuwo.

Alhamis, bayan la'asar

An gama.

Asabar, 12 ga Oktoba, da hantsi

Masu gaisuwa sun ɗan tsagaita. Bari in rubuta yadda aka yi, don kaina ya fara juya mini abin.

Joshua ya yanke abin da ke kan masaƙa ya taho da shi a babur, bakinsa ko dajiya ba a yi ba. Mata suka haɗa ƙwarya da ƙwarya da ragowar zaren da Mufida ta kaɗa. Ina zaure. Tsohuwar da ke wanka ta leƙo ta ce, "Malam, ya yi zane da riga da na kai. Babban na waje babu."

Rana ta take. Mutane sun cika ƙofar gida har bakin hanya, Liman yana duban inuwa. Na tashi tsaye ban san inda za ni ba. Yadin Mufida yana ɗaki, na san abin da ke cikinsa. Rumfunan gari na san abin da ke cikinsu.

Sai ga Ɗahiru, rigarsa duk jar ƙasar hanya, da ƙunshi a hammata. A tasha ya ji labari. Ya durƙusa ya kwance shi a gabana. Fari ne, ba mai haske ba, saƙin inji irin na da. Ya ce ya bi Yelwa, ya bi Kontagora, rumfa rumfa da ashana, har wani ya kore shi da tsintsiya. Wurin wani tsoho mai katifa ya samo ragowar bandir. Ya ce, "Na ƙona, Yaya. Toka ta yi. Wallahi toka ta yi." Ya nuna mini babban yatsansa, ya yi bororo.

Ɗahiru bai san gwaji ba. Sau ɗaya ya ga na yi, ranar da na ɗora masa wuta a hannu. Bai san a murje tokar har ƙarshe a nemi ɗan dunƙule ba. Na Mufida ma toka ya yi.

Na kama bakin yadin. Zare ɗaya ya biyo yatsana. Ashana tana aljihuna, ina jin kwalin a cinyata. Duk zauren ido a kaina, sun san Malam Ashana. Idan na ƙyasta ya narke, ba ni da wani, kuma zan san abin da na sa ta a ciki har in mutu. Idan ban ƙyasta ba, ban cika abin da na ɗauka a gaban direba da bunsuru ba, sai dai in yi zato.

Na dubi mutanen da ke tsaye cikin rana. Na miƙa wa tsohuwar yadin.

A tudu muka sa ta, kusa da yaron. Ɗahiru ne ya shiga ramin tare da ni. Da muka fito ya kama hannuna ya jawo ni, na bar shi ya jawo.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan azahar

Joshua ya zo gaisuwa, ya zauna can gefe da hularsa a gwiwa. Da zai tafi ya ce hajiya ta fasa aikin, ta samu wani a wata jiha. Na ce ka yi hasara saboda mu. Ya ce, "Na mayar da agogona."

Mufida ta ce ba ta san ko za ta koma Abuja ba. Ta tafi da mazarin ɗakinta.

An ce ruwa ya fara ja. Ban je na duba ba.

Talata, 15 ga Oktoba, da safe

Zaren da ya biyo yatsana daga yadin Ɗahiru yana cikin kwalin ashana, a kwance tare da tsinkayen. Jiya na buɗe, na rufe. Yau Mufida ta zo neman ashana za ta hura wuta, na ce ta je ta ɗebo garwashi a maƙwabta.

Ɗahiru yana zaure tun asuba, yana karɓar gaisuwa a madadina. Yatsan nasa ya fashe, ya ɗaure shi da tsumma. Bai tambaye ni ko na gwada ba.

Na sa kwalin cikin kwallar Mairo, na tura ƙarƙashin gado. Bari in fita, ya daɗe shi kaɗai.